Ku Bar Shi Ya Huta

Yayata mace ce da ba ta iya ganin mutum cikin wahala. Tun muna yara, in Inna ta ɗauko bulala, ita ke shiga tsakani ta sha dukan a madadinmu. Da ta girma ta zama mai ɗinki, kekenta na bakin taga a ɗakin gaba, kuma rabin matan layinmu ba ɗinki ke kai su wurinta ba, kuka suke kai mata. Sannu ba ta rabuwa da bakinta, har yaran unguwa suka laƙaba mata Anti Sannu.

Mijinta kafinta ne mai rufin gidaje, dogon mutum mai barkwanci. Yana tafiya a kan katakon rufi kamar a tsakar gidansa, amma in ya ga allura sai gumi ya karyo masa. Wata rana katako ya karye da shi a saman wani gini, ya faɗo, ƙashin cinyarsa ya rabu biyu. Aka yi masa aiki, aka sa ƙarfe, aka kwantar da shi a ɗakin maza, gadon da ke kusa da ƙofar banɗaki. Yaya ta rufe kekenta da zane ta tare a asibiti.

Washegari wata nas ta zo da farar safa mai matse ƙafa da wata 'yar allura. Ta ce mutum in ya kwanta bayan irin wannan aiki, jini kan daskare a jijiyar ƙafa, don haka kullum za a yi masa allurar a fatar ciki, ya riƙa motsa tafin ƙafa, kuma za a tashe shi ya taka da ƙarfen dogarawa. Cikin sauri ta faɗa, don gadaje sun cika, ana kiranta daga can ƙarshen ɗaki. Yaya tana gyaɗa kai, amma idonta na kan fuskar mijinta.

Ranar da aka fara tashinsa ina wurin. Ya yi ƙara irin wadda ban taɓa jin namiji ya yi ba. Yaya ta fashe da kuka ta riƙe hannun ma'aikacin da ke ɗaga shi.

"Don Allah ɗana, ku bar shi ya huta. Mutum ne fa, ba katako ba."

Daga ranar ta zama katanga tsakaninsa da su. In an zo tashinsa, sai ta ce yanzu barci ya ɗauke shi. Safar kuma, ta ce tana yanka masa fata, ta zare ta tura ƙarƙashin filo, in ta ji takun nas ta ja bargo. Allurar kuwa shi da bakinsa ya ce ya yafe, cikinsa duk ya yi shuɗi. Nas ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ce za ta gaya wa likita.

Na ce, "Yaya, anya kuwa?"

Ta ce, "Auta, ba ke kike jin nishinsa ba."

Shi kuma ya ce da ni, "Ke dai so kike a huda ni kamar rariya, ki samu abin dariya."

Bayan 'yan kwanaki ya fara cewa bayan ƙwaurinsa na ciwo. Wurin ya kumbura, ya yi zafi, fatar na sheƙi. Yaya ba ta kira kowa ba. Ta ɗauko man zafi daga jakarta, ta zauna a bakin gado tana murza masa a hankali, tana yi masa sannu. Ya ce ya ji daɗi.

Da rana tsaka, ina zuba masa ruwa a kofi, sai ya dafe ƙirji. Numfashi ya gagare shi, ya yi tari, na ga jini a tafin hannunsa. Na fita a guje ina ihu. Suka zo suka ja labule, suka sa masa robar iska, suka tura gadon zuwa ɗakin masu ciwo mai tsanani. Yaya ta bi su babu takalmi.

Daga baya likita ya same mu a baranda. Ya ce gudan jini ne ya ɓalle daga ƙafa ya toshe jijiya a huhu. Yaya ta ce, "Likita, na murza masa ƙafar." Ya ce ƙafa irin wannan ba a murza ta, amma ba wanda zai iya rantsuwa cewa shi ne sanadi. Rabin farko na maganar kawai ta ji.

Ya rayu. Sai dai rufi ya ƙare masa, matakala kaɗan ke sa shi haki. Yanzu kujeru yake haɗawa a tsakar gida, yana shan maganin tsinka jini. Yaya ce ke fitar da shi tafiya kowace safiya, ko ya so ko ya ƙi, fuskarta a ɗaure. Yakan ce wa maƙwabta an musanya masa mata da soja. Kowa ya yi dariya ban da ita.

Kwanan baya zarto ya yanke shi a yatsa, jinin ya daɗe bai tsaya ba saboda maganin. Na tarar da ita durƙushe ta danne yatsan da tsumma.

"Auta, in ya daskare bala'i, in ya tsinke bala'i. Ni yanzu ban san wane irin taimako ne ba ya cutarwa ba."

Na ce ta tashi mu kai shi a duba. Ta ce in riƙe mata yatsan tukuna, ta ɗauko mayafi.