Cediya a Layin Darbejiya

Makarantarmu ta sakandare, wadda kowa ke kira lise, tana can bayan garin Garwa, inda kwalta ta gaji ta tsaya. A da gonar auduga ce. Da gwamnati ta gina azuzuwa ta kafa tuta, sai ta manta da katanga, saboda haka awakin unguwa ba su taɓa yarda filin ya bar hannunsu ba. Muna darasin lissafi suna leƙo mu ta taga, kuma in za a faɗi gaskiya, akwai wata jar akuya da ta fi ni mai da hankali.

Tun zamanin ɗaliban farko aka kafa wata al'ada. Duk wanda ya shiga aji biyu za a ba shi dashen darbejiya ɗaya a leda, ya haƙa rami, ya dasa, ya kewaye da ƙaya, ya yi ta ba ta ruwa har ƙarshen shekara. Makin aikin hannu a jikin bishiyarka yake: ta rayu ka samu, ta mutu ka sha sifili. Duk inuwar da ke makarantar haka aka same ta, layi bayan layi, kowane layi da shekararsa. Malamin da ke kula da wannan aiki wani dogo ne mara yawan magana, shi ma cikin ɗaliban farkon yake. Ya tafi Marwa ya yi karatu, ya dawo ya tare a gindin itatuwa. Sunayenmu sukan ɓace masa, amma bai taɓa rikita bishiyar wani da ta wani ba.

Ni dai ba a haife ni don noma ba. 'Yar 'yan kasuwa ce ni daga unguwar Rumde Ajiya, gidanmu atamfa aka sani. Ruwan da nake ɗebowa a famfon makaranta, rabi nakan wanke ƙafa da shi, in sha kwata, sauran in watsa wa darbejiyata ina kallon wani waje. Duk da haka ta daure, baiwar Allah, har zuwa hutun zango na biyu, lokacin da zafin Garwa ke sa mutum ya ji haushin rigarsa. 'Yan ajinmu da ke kusa sun riƙa zuwa ban ruwa. Ni kuwa na kwanta a ƙarƙashin cediyar tsakar gidanmu na ce darbejiya ai ba ta mutuwa.

Ranar da aka koma na tarar da tsinke. Na lanƙwasa shi, ya karye.

A nan ne na fara lissafin makina. A makarantunmu a kan ashirin ake ba da maki, kuma sai matsakaicin makinka ya kai goma kake wucewa aji na gaba. Faransanci ina taɓukawa, lissafi kuwa ni da shi sai gaisuwa daga nesa. Na zauna na auna, na sake aunawa, na ga in ban samu sha biyu a aikin hannu ba, maimaita aji ya kama ni. Maimaitawar ba ita ce ta fi damuna ba. Ƙanina yana aji ɗaya, kuma yaron nan kansa na ja. In na zauna, shekara mai zuwa ajinmu ɗaya da wanda na goya.

Ban san wanda ya kai masa labari ba. Da yamma muna cin tuwo ya ce, "Yaya, kada ki damu. Zan ajiye miki wuri a bencina, kusa da taga, ki riƙa ganin ƙawarki akuya."

Da ba don Baba na zaune ba, da ludayi ya ƙare a kansa.

Saura mako shida malam ya zagaya dubawa. Dabarar farko da ta zo mini ita ce in karyo reshen darbejiya a hanya kowace safiya in soka a ramin. Kafin ƙarfe goma ganyen ya sunkuya, kafin azahar ya yi laushi. Kwana huɗu ina wannan wahala, har kakata, mahaifiyar Baba, ta lura hannuna kullum ɗacin darbejiya yake yi. Ta tsare ni a madafa, na zayyane mata komai. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ke 'yar nan, duk bokon naku ba a gaya muku reshen darbejiya ba ya kamawa ba? Cediya ce ake sokawa ta tashi. Wannan da kike kwana a gindinta, sanda ce kakanki ya kafa don ɗaure tunkiya."

Ta sa aka saro mini reshe mai kaurin damtsena. Na ce, "Kaka, ai ganyen ba iri ɗaya ba ne." Ta ce ita ta ba ni itace mai rai, ƙaryar da zan ɗora a kansa kuma aikina ne, kada in sa ta ciki.

Washegari na hau bayan ɗan acaɓa da sanda a kafaɗa, mutane na kallona. Na kafa ta, na tara ƙaya har ta fi ta kowa tsayi, don an ce akuya in ta ga ganyen cediya hankalinta gushewa yake yi. Daga ranar na zama wata iri. Jarka biyu da safe, ɗaya kafin a tashi. Na yi faɗa a layin famfo da 'yan aji shida. Na daina wanke ƙafa, abin da ya sa Inna ta fara tambaya ko lafiya. Mako biyu sandar nan ba ta ce mini komai ba. A cikin na uku, wata safiya, na ga wasu 'yan ƙulli kore sun fasa ɓawo. Na tsuguna ina kallonsu har aka kaɗa ƙararrawa ban ji ba. Ban taɓa jin daɗi irin wannan a makarantar ba, ko ranar da malamin lissafi ya yi zazzaɓi.

Ranar dubawa na zo da rassan darbejiya ɗanyu da zaren ɗinki baƙi. Shirina shi ne in tsinke ganyen cediyar, in ɗaura na darbejiya. Na kai hannu ga ganye na farko, sai na kasa. Ganye tara ne, na san ranar da kowanne ya fito. Sai kawai na lulluɓe su da na aro, na ɗaure, na koma gefe ina addu'a malam ya yi sauri.

Bai yi sauri ba. Ya tsaya, ya zagaya, ya sa yatsa ya ja bakin zaren. Rassan suka zube a ƙasa, ganyen cediya masu faɗi suka bayyana suna sheƙi. 'Yan aji suka fashe da dariya. Na so ƙasa ta tsage.

"Wadda na ba ki fa?" in ji shi.

"Ta mutu, Malam. A hutu. Ban zo ba."

"Wannan wa ke ba ta ruwa?"

"Ni."

Ya tura yatsa cikin ƙasar ramin, ya ji danshi har ciki. Ya kori sauran zuwa bishiya ta gaba, sannan ya nuna mini layin farko, na manyan itatuwan da ke bakin ofis. Tsakanin ta huɗu da ta biyar akwai fili, wanda kullum muke ratsawa ba mu taɓa tambaya ba.

"Wurin tawa ke nan," ya ce. "Ni ma a hutu ta mutu. Na maimaita aji. Ba wanda ya ce mini in sake gwadawa, ni kuma kunya ta hana ni."

Ya buɗe littafinsa. Ya ce bishiya ta ci sha shida, zaren ɗinki ya cinye huɗu.

Da sha biyun nan na haye, da ƙyar, ƙanina ya yi kwana biyu yana cewa an yi maguɗi. Ranar da aka raba sakamako, bayan ruwan farko ya sauka, na roƙi Kaka ta sa a saro mini wani reshen. Na kai shi filin da ke tsakanin ta huɗu da ta biyar, na fara haƙa. Ina cikin tara ƙaya na ji mutum a bayana. Na waiwaya, malam ne. Da na ɗauki jarka zan nufi famfo, sai ya miƙo hannu ya karɓa.

"Tafi gida," ya ce. "Wannan ni zan ba ta ruwa."