Lasin Ɗangiwa

Duk wanda ya taɓa shiga motar Ɗangiwa tsakanin Kebbe da Tambuwal ya san in ya hangi makara, to tafiya ta tsaya. Zai kashe mota, ya sauka, ya sa kafaɗa, ko bai san mamacin ba. Fasinja su yi ta gunaguni, rana ta yi ta dukan kaya, shi ko a jikinsa. Haka ya yi har idonsa ya gaza ya ajiye tuƙi. Mutane suna cewa tsoron Allah ne. Ban ce babu shi ba, amma ni na san ranar da abin ya fara, don ina bayan motar.

Ni ne Almu, taubashinsa. Uwarsa Atu ƙanwar ubana Lauwali ce. A Tambuwal aka haife ta, aure ya kai ta Kebbe, can ta haifi Ɗangiwa. Sunan ne kawai na giwa, mutumin ɗan firit ne, kuma na sha gaya masa haka. Sana'arsa jakai, yana kai hatsi kasuwar Tambuwal ya komo da gishiri da kanwa.

Gwaggo Atu kuwa gwiwoyinta sun daɗe da ƙin ta. Ba ta iya zaman jaki, ba ta iya hawa bodin mota ta zauna kan buhuna, kuma babu direban da zai ba tsohuwar ƙauye gidan gaba. Shekaru suka yi ta wucewa ba ta ga gidan da aka haife ta ba. Ubana shi ma ya tsufa, sai dai su riƙa aika wa juna gaisuwa ta bakin Ɗangiwa.

Shekarar da aka sami mulkin kai na zo ganin gida daga Kumasi, inda nake tuƙa motar goro. Na tarar wani Alhaji a Tambuwal ya sayi babbar mota yana neman ɗan gida ya riƙe ta, don direbobin da yake ɗaukowa daga nesa ba sa zama. Ya ce wa Ɗangiwa in ya kawo lasin, makulli nasa ne. A Sakkwato sai ya shekara da shekaru yana wankin motar wani kafin a bar shi ya taɓa sitiyari. Na ce ya biyo ni Kumasi, ni zan koya masa.

Ina tsaye ya yi sallama da uwarsa a ƙofar ɗakinta.

"Mi kaka nema can da babu nan?" in ji ta.

"Lasin, Inna. In na komo, gidan gaba za ni sa ki, in kai ki Tambuwal ki ga kawu."

"To ka yi maza. Jikin ga ba ƙarfe na ba."

A Kumasi akwai wani fili bayan Zango, unguwar da mu 'yan Arewa muke zaune. Nan nake jera masa ganguna biyu in ce ya shiga tsakaninsu da baya. Ban taɓa koya wa mai taurin hannu irinsa ba. Yana riƙe sitiyari kamar igiyar jaki, in mota ta ƙi tashi ya yi mata magana, in ta yi gaba da yawa ya lallashe ta kafin ya tuna da birki. Na ce masa ta ji, amma ba Hausa take ji ba. Ya kashe min kuloci ɗaya, ya kashe gangunan mutane ban san adadi ba. Gwajin farko, ribas ya kayar da shi. Mai gwajin ya ce ya je ya ƙara koyo. Da muka fito, abin da Ɗangiwa ya ce kawai shi ne damina ta kusa, hanyar Kebbe za ta rufe, Inna sai ta jira kaka.

Muna cikin shirin gwaji na biyu sai ga Namadi, wani falken goro mutumin Sanyinna. Ya same mu da rana muna cin wake da shinkafa a gindin mota. Ya zauna, aka gaisa, ya yi ta juya hularsa a hannu.

"Ɗangiwa, sai haƙuri. Atu ta riga mu gidan gaskiya. Tun farkon damina anka yi mata sutura."

Ni ne na yi salati, ni ne hawaye ya zubo wa. Ɗangiwa ya dubi kwanon, ya ƙarasa lomar da ke hannunsa, ya ci sauran, ya wanke hannu.

"An samu mutane?" ya tambaya.

"An samu."

"Wa yaɗ ɗauke ta?"

Namadi ya ce bai sani ba, shi ma a kasuwa ya ji.

Mutanenmu na Zango suka taru aka yi addu'a. Yana karɓar gaisuwa daidai yadda ake karɓa, ba ragi ba ƙari. Na ce ya tafi gida, ni zan nema masa mota. Ya ce, "In tafi in iske mi?" Da na matsa masa sai ya ce, "Almu, na nemi kuka ban samu ba. Ba ni jin komi. Jera gangunan."

Na jera. Abin da ya ba ni tsoro shi ne daga ranar hannunsa ya faɗa. Ya daina yi wa mota magana. Ya shiga tsakanin ganguna da baya sumul, ya fito, ya sake shiga, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Da na samu ya ci gaba da kashe min kuloci yana surutu, da ya fi min.

Ranar gwaji na biyu, mai gwajin wani Ba'asante ne, ɗan ƙasar, mai kaki, mutumin kirki, ba ruwansa. Ya zauna gidan gaba, ni na hau bodi. Ribas lafiya, hawan tudu lafiya, kwana lafiya. Saura mu gangara ta gefen Zango mu koma ofis, shi ke nan lasin ya samu. Sai ga makara ta fito daga wani lungu, mutane ba su fi a ƙirga ba suna biye da ita.

A wajenmu namiji ba ya wuce makara. Ko kana kan jaki sai ka sauka, ka karɓi wani ka ɗan taka da ita, wani ya karɓe ka, ka koma harkarka. Amma ba a tsakiyar titin Kumasi ba, kuma ba da mai gwaji a gefenka ba. Ɗangiwa ko kaucewa gefe bai yi ba. Ya taka birki, ya kashe mota, ya buɗe ƙofa ya sauka. Mai gwajin yana kiransa, motoci suna ta oda a bayanmu, bai waiwayo ba. Na ga ya sa kafaɗa. Na jira wani ya karɓe shi ya dawo, sai na ga an miƙo hannu ya ƙi saki. Haka suka sha kwana da shi.

Na diro na kawar da motar gefe. Mai gwajin ya ɗan jira, ya duba agogo, ya tafi abinsa. Ban ga laifinsa ba.

Sai bayan la'asar Ɗangiwa ya dawo, gwiwoyin wandonsa duk jar ƙasa. Raina a ɓace yake, na kuwa faɗa masa, na ce ya zubar da wahalarmu a titi saboda gawar da ko sunanta bai sani ba.

"Wata tsohuwa ta, mai saida koko," in ji shi. "Ɗanta na Abijan, bai zo ba. Ba ta da nauyi, Almu."

"Ka faɗi gwaji."

"To."

Karo na uku ya ci ba wata matsala. Aka ba shi lasin, ya dubi hotonsa, ya sa a aljihu kamar an ba shi tikitin kasuwa. Da kaka muka komo tare. Ya je Sakkwato ya daidaita takardunsa, Alhaji ya cika alkawari ya ba shi makulli, aka tura shi Kebbe ɗauko gyaɗa. Na bi shi.

A Kebbe ya ce a nuna masa kabari. Ruwan damina ya riga ya baje wurin, ciyawa ta rufe. Wanda ya raka mu ya nuna da hannu ya ce nan ne, ko kuwa ɗan gaba kaɗan. Ɗangiwa ya yi addu'a a tsakanin wuraren biyu, ya shafa, muka juyo.

An gama lodi za mu tashi, ƙanwarsa Zahara'u ta fito da wani ƙunshi. Ta ce Inna ta bar wasiyya a kai wa kawu Lauwali: akushin uwar da ta haife su ne, ita da shi, da tasbaharta, an ɗaure cikin baƙin zanenta na saƙi. Na karɓa zan cilla kan buhuna, sai ya riƙe min hannu. Ya karɓa, ya buɗe gidan gaba, ya ajiye a kan kujera, ya gyara masa zama.

"Kai hau baya," ya ce da ni.

Ni da na koya masa tuƙi, ni ne kan buhun gyaɗa. Na buɗe baki zan yi masa tsiyar da na saba, na fasa.

Ban taɓa ganin tafiya mai sanyi irin wannan ba. Kowane rami sai ya rage, ya saka taya ɗaya a hankali, ya fitar. Masu jakai suka yi ta wuce mu suna dariya. Da muka shiga Tambuwal bai nufi wurin Alhaji ba, ƙofar gidanmu ya tsaya ya kashe mota. Na sauko na zo ta tagarsa. Yana zaune, hannu biyu a kan sitiyari, idonsa a bushe.

"Inna, ga Tambuwal," ya ce.

Ya ɗan dakata kamar yadda ake jiran tsohuwa ta gyara zane, sannan ya sauka, ya zagaya, ya buɗe ƙofar ta ɓangarenta.