Hudar da ke Jikin Jirgin Baba

Jiya na ɗora ƙarfen da ya yi ja a wuta a kan icen maɗaci, ƙaurin ya bugi hancina, sai Baba ya faɗo mini a rai.

Yana saurayi aka kama shi da ƙanensa, aka sayar da su a bakin teku, suka ƙare suna ɗaukar albarushi a jirgin yaƙin Nasara. Da Allah ya maido shi Sakkwato, ya zauna a zaurenmu na Ƙofar Marke ya sassaƙa jirgin, tsawon kamu ɗaya. Ya kafa masa sanduna uku, ya ɗaura ƙyallen saƙi, ya jera igwa ta ƙashin rago.

A gefen hagu akwai wata ƙonanniyar huda mai muni. Lokacin na yi aure, ina ji da kaina a sassaƙa. Rannan ya tafi masallaci, na toshe ta, na goge sumul.

Da ya gani, ƙotar gizago ya kwaɗa mini a hannu, yatsana ya karye.

"Nan dutsen igwa yab biyo," in ji shi. "Ƙanena na duƙe wurin. Rabinai nis samu, jininai cikin bakina. Teku aka zuba shi. Kabarinai ka shafe."

Ya sa ƙarfe a wuta, ya miƙo mini. Da karyayyen yatsan na sake ƙona hudar.

Har yau yatsan bai miƙe ba. Allah ya sada shi Baba da ƙanensa inda babu igwa, ya sa in tarar da Baba ya huce.