Kambas ɗin Bilki a Ruwan Tiga

Ranar wata Asabar ce a farkon Oktoban 2004, saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi, wata doguwar bas mai ruwan ganye ta tsaya a bakin layinmu a Sharaɗa. Baffa Sule, ƙanen mahaifina, shi ne a kan sitiyari. Direba ne a wata masaƙa, kuma ran nan masaƙar ta shirya kai iyalan ma'aikatanta yawon buɗe ido madatsar ruwa ta Tiga. Na fito da gudu da atamfar Sallar bara da silifas ɗina wanda aka ɗaure hancinsa da waya. Sai ga Bilki, 'yar Baffa, ta fito a bayana tana takawa a hankali cikin sabon farin kambas da safa mai leshi a baki. Tun daga nan murnata ta ragu da rabi.

Gida ɗaya muka tashi da Bilki, sa'annin juna ne, ajinmu biyar a firamare. Sashensu na kallon namu, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, turmi ɗaya. Amma Baffa ɗan albashi ne, Babana kuwa manomi ne da kamfanoni suka cinye yawancin gonakin gidansu, sai 'yar wadda ta rage a bayan wata doguwar katanga. A can nake yini ranar da babu makaranta, ina tsinkar yakuwa da ganyen wake, ina tsallake lambatun da ruwan rini ke bi, yau ja gobe shuɗi. Idan jiniyar kamfani ta kaɗa da yamma, Baffa kan dawo da burodi ko ƙyallen yadi, Bilki ta yi wa 'yartsanarta riga. Ba ta taɓa hana ni ba. Ko carafke muke yi, ita ke ba ni duwatsunta masu santsi. Wannan kyautar tata ita ta fi ƙona min rai, don na fi so a ce ni ce mai bayarwa. Kakarmu, Inna, ta riga ta gano ni. Takan ce, "Ke Rabi, naki tuwon na hucewa kina leƙen kwanon wani."

A cikin bas ɗin Bilki ta zauna kusa da 'ya'yan manyan ofis, suna ta zuba Turanci suna miƙa wa juna biskit. Ni na samu gefen taga a baya. Muka bar hayaƙin kamfanoni, muka wuce gonakin shinkafar Kura sun yi kore shar, har duwatsu suka fara bayyana. Da bas ta hau wani tudu sai ga ruwan Tiga a gabanmu. Ni dai ruwan da na sani shi ne kududdufin bayan makarantarmu da ruwan rinin lambatu. Wannan kuwa ya shimfiɗu har ya haɗe da sama, yana walƙiya, ga masunta can nesa kamar ƙudaje. Na ɗan lokaci na manta da kambas ɗin kowa.

Mata suka shimfiɗa tabarmi a gindin bishiyoyi, aka buɗe kuloli na dafa-duka, maza suka nufi wajen masu soya kifi. Muka hau duwatsu, muka yi tsere, muka yi jifa a ga na wa zai fi nisa. A nan na yi fice, don hannuna ya saba da korar tsuntsaye a gona. Har wata yarinya 'yar gidan manaja ta tambayi sunana. Ina cikin jin daɗin nan wata ma'aikaciyar ofis mai gilashi ta tafa hannu, ta ce an yi magana da masu kwalekwale za su zaga da yara, amma sai waɗanda sunansu ke cikin takarda. Ta karanta sunaye, ta kira Bilkisu Sule, ta naɗe takardarta. Ashe ni alfarma aka yi wa Baffa aka bar ni na shiga mota. Na waiga ina neman sa, yana can ya buɗe gaban bas yana duba inji.

Bilki ta yi wa matar magana ƙasa-ƙasa, matar ta girgiza kai. Sai ta dawo ta tuɓe kambas ɗinta, ta cusa safar a ciki, ta miƙo min ta ce in riƙe mata, idan ta dawo za ta ba ni labarin komai. Na karɓa. Na hau wani faffaɗan dutse da ya leƙa cikin ruwa na zauna, ina kallon su suna nisa, ina jiyo dariyarsu iska na kawowa. Na saka ƙafata a kambas ɗin, ya yi min cif kamar don ni aka yi. Na cire, na ajiye a gefena. Da na hango kwalekwalen ya juyo, Bilki na tsaye a gaba tana ɗaga min hannu, ɗankwalinta na kaɗawa, sai na sa yatsan ƙafata na ture ƙafa ɗaya. Ya faɗa, ya ɗan yi yawo a saman ruwa, ya sha, ya nutse.

Da suka sauko na ce ban san yadda aka yi ba. Aka taru, wani masunci ya laluba da gora bai samu komai ba. Baffa ya zo ransa a ɓace, don sai da ya daɗe yana yi mata alkawarin takalmin nan kafin ya saya. Ya dube ni. Sai Bilki ta ce ita ce ta ajiye shi a bakin dutsen da kanta, ba ta lura ya yi kusa da ruwa ba. A gaban 'ya'yan manyan nan Baffa ya yi mata faɗa tas, ya ce ba ta san darajar abu ba. Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan ƙafarta. Sauran yinin nan ba takalmi ta yi shi, a kan tsakuwa mai zafi, har ƙaya ta soke ta a diddige.

A hanyar dawowa ba ta koma wajen ƙawayenta ba, ta zo baya ta zauna kusa da ni, ƙafa ɗayan kambas ɗin a cinyarta. Mun wuce Kura kafin ta yi magana, ba tare da ta dube ni ba.

"Na gan ki, Rabi."

Na ce me ta gani. Ta ce, "Ba zan faɗa wa kowa ba." Ta jingina kanta da kujera ta rufe ido.

Ya kamata a ce kunya ce kaɗai ta kama ni, kuma ta kama ni ɗin. Amma gaskiyar magana, a ƙarƙashin kunyar akwai wani sabon haushi: ga takalmi ta fi ni, ga Turanci, ga shiga kwalekwale, yanzu kuma har a hali ta fi ni. Na tuɓe silifas ɗina na tura mata da ƙafa. Ta saka. Da muka iso gida ni na shiga ba takalmi, Inna ta bi ƙafafunmu da kallo, ta dubi fuskata, ta ci gaba da jan carbinta. Duk azumin shekarar ni na riƙa yi wa Bilki wanke-wankenta da ɗibar ruwanta, ba wanda ya sa ni, ita ma ba ta hana ni ba. Ban taɓa buɗe baki na ce ta yafe min ba.

Bayan 'yan shekaru masaƙar ta rufe, Baffa ya koma tuƙin motar haya, suka tashi zuwa Ɗorayi. Sashensu aka zuba 'yan haya. Yau Bilki na aure a wani gari mai nisa, sai mu yi watanni ba mu ji muryar juna ba. Ni ina koyarwa, ina zaune a Zawaciki, 'ya'yana kowa da ɗakinsa da wayarsa, ba su san 'ya'yan baffanninsu ba sai a biki. Idan na bi ta Sharaɗa nakan ga ciyawa ta fito a harabar kamfanonin da a da ma'aikata ke tururuwa, gonarmu kuma ta zama shaguna. A da muna cunkushe a tsakar gida ɗaya, ina ƙirga abin da kowa ya fi ni da shi. Yanzu ina da fili, ba mai fin ni komai a gidana. Sai dai babu wadda za ta zo ta zauna kusa da ni bayan ta san abin da na yi.