Wankan Kindirmo

Cikin abubuwan da suka faru a gidana na Kibiya, akwai ɗaya da ba zai fita daga raina ba har ranar da za a sa ni a ƙasa. Shekarar da aka yi taron ƙaddamar da Shari'a a Kano ce, wadda motocin garinmu suka yini suna jigilar mutane zuwa birni. A daminar nan mai ɗakina ta haifi ɗa namiji. Kafin shi 'ya ɗaya gare mu, shekarunta shida, baƙa wuluk kamar ni. Ni kuwa tun muna makarantar allo ake tsokanata, wai in tawada ta ƙare a goga alƙalami a goshina.

Yayata da ke aure a Rano ta zo zaman suna. Mace ce mai karatu, ita ke koyar da matan unguwarsu, kuma ba ta gajiya da faɗa musu cewa Allah ba ya duba fata, zuciya yake dubawa. Da gaske take faɗa, na shaida. Amma mai ɗakina ta ba ni labari, wai tana shiga ɗaki, ko mayafi ba ta ajiye ba, ta karɓi jariri ta juya kunnensa wajen haske. Al'adar matanmu ce. Jariri da haskensa yake zuwa, sai a duba bakin kunne, in ya yi duhu an san yaro zai rine. Ta duba na dama, ta duba na hagu, ta ja wata hamdala mai tsawo, ta ce wannan kam ba zai rine ba, ga shi nan kamar ɗan Fulani. Mata suka yi ta karɓarsa hannu-hannu ana sa albarka. 'Yata na tsaye jikin gado. Da yake ba da ita ake magana ba, kowa ya ɗauka ba ta ji ba.

Ana gobe suna, mai nonon da muka saba da ita ta kawo kindirmo ƙwarya guda daga rugarsu ta wajen Nariya, na furar baƙi. Aka ajiye a inuwa, ita kuma ta shiga barka. Ina zaure ina karatu sai na ji salatin mata. Da na shiga, bayan rumbu na same su. Ga 'yata zaune cikin bahon wanka, ta shafe jikinta da kindirmo tun daga ka har tafin ƙafa, idanu kawai ake gani. Ƙudaje sun yi mata rumfa, ɗan akuya na lasar gwiwarta, ƙwarya kuwa ko ludayi ɗaya bai rage ba.

Allah ya yafe mana, dariya muka fara yi. Mai nono ta fi kowa, har da riƙe ciki. Ta tambaye ta dalili, yarinya ta ce ai nono ne ke sa Fulani fari, ita kuma ta daɗe tana sha bai yi aiki ba, shi ne ta gwada ta waje. Mai nono ta ce mijinta a gindin saniya aka haife shi, bai san wani abinci ba sai nono, amma ya fi gindin tukunya baƙi, in maganin ya ci don Allah a aika masa. Yaya kuwa ta kama faɗa kan ɓarnar abinci da kunyar baƙin gobe.

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ni ta duba.

"Baba, da aka haife ni, Gwaggo ta duba kunnena?"

Na ce ta duba.

"Me ta ce?"

Nan dariya ta ƙare. Mu uku mun san amsar, da ni da uwarta da Yaya. Cewa Yaya ta yi, to, wannan ta Malam ce, wato ni ta biyo, Allah ya raya, ta miƙa ta. Ba zagi ba ne, addu'a ce ma. Amma ina ita ina waccan hamdalar? Ba na son yi wa 'yata ƙarya, ba na kuma son ta tashi tana ganin an karɓe ta ne da haƙuri.

Yaya ta ɗebo ruwa ta wanke ta da kanta. Har aka ci tuwo Yaya ba ta saki jiki ba, ita da ba a raba ta da magana.

Ranar suna da yamma, mata sun cika tsakar gida, ina jiyo su daga zaure. Yaya ta sa aka yi shiru, ta kira yarinyar ta ɗora ta a cinya, ƙafafunta na jan ƙasa. Ta juya kunnen dama, ta juya na hagu.

"Jama'a, akwai hamdalar da yarinyar nan take bina tun ranar da ta zo duniya. Alhamdu lillahi da ya ba mu ke, a yadda ya so ki."

Ta ja hamdalar fiye da ta jariri. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Yarinya ta bari sai da guɗa ta lafa, sannan ta tambaya ko za ta rine.

"Ke ai kin gama, uwata. Rinin kuma ya kama, ba irin namu mai koɗewa ba."

Yarinya ta sauka da gudu ta je ta faɗa wa ƙawayenta. Baƙi kunu suka sha ran nan, ba kuma wanda ya yi ƙorafi.

A gidana ba wanda ya taɓa ce wa yarinyar nan fari ya fi baƙi, kuma da wani ya faɗa, Yaya ce za ta fara tsawata masa. Abin da na koya shi ne yaro ba wa'azinmu kawai yake ɗauka ba. Yana lura da inda fuskarmu ke saki, yana auna tsawon hamdalarmu. Mu kanmu a gefen gado muka tsinci wannan hali, wajen iyayen da su ma ba su san suna koyarwa ba. Allah ya sa mu riƙa jin kanmu yadda 'ya'yanmu ke jinmu.