Kavena, Gawar Haya

Tun rasuwar mijinta, Kavena Tjiueza fanke take soyawa a bakin tashar tasi ta unguwar Mondesa. Amma an fi saninta da wata sana'ar daban. Idan masu shirya fim suka sauka a garinsu, Swakopmund, da manyan motocinsu, sukan ɗauki mutanen da za su kwanta a rairayi a matsayin gawarwaki, kuma ba su taɓa samun kamar Kavena ba. Ƙuda zai yi ta yawo a leɓenta, ko gezau.

"Ke ranar da kika mutu da gaske ba mai yarda," in ji Rauna, maƙwabciyarta mai gasa nama, wadda suke zuwa tare. "Tsayawa za mu yi muna jiran ki miƙe."

"Ji mai magana! Ba ke aka kora ba don gawarki ta yi atishawa?"

Fim na ƙarshe da ta yi, na yaƙin duniyoyin sama ne. Aka shafe ta da sauran gawarwakin da toka, aka baza su a gindin tudun yashi. Kavena ta tambayi saurayin da ke jera su, "Ɗana, yau mu su wane ne?"

"Mutanen wata duniya da aka ƙone, Mama. Biliyan tara suka mutu."

"Me suka yi?"

"Labarin bai faɗa ba. Ai tun a farkon fim aka gama da ku."

Ya lanƙwasa mata hannu a kan fuska, ya wuce.

Tana kwance iska ta taso, yashi ya fara cika mata kunne, ya hau wuyanta. Sai ta tuna tsibin kaburburan nan marasa suna na bayan gari, inda aka turbuɗe 'yan ƙabilarsu ta Herero da suka mutu a tsare a sansanin Jamusawa zamanin mulkin mallaka. Kakarta ta sha gaya mata cewa uwar ita kakar tana cikinsu, amma ba wanda ya san wanne ne nata. Kavena ba ta san lokacin da ta miƙe tsaye ba, ana tsakiyar ɗaukar fim, tana kakkaɓe jiki tana haki. Aka yi ta daka mata tsawa ta lasifika. Ta zauna can gefe da tokarta har motar komawa gida ta zo.

Da fim ɗin ya fito, Rauna ta kawo mata shi a waya. Ashe sun riga sun ɗauki abin da suke so kafin ta tashi, suka sa na'ura ta ninka ta. Duk inda Kavena ta duba a filin nan, ita ce kwance da hannu a fuska, har ƙarshen gani. Jarumin ya faɗi adadin matattu, ya sunkuyar da kai kaɗan, ya shige jirginsa.

"Kin yi suna, ƙawata!" in ji Rauna. Da ta ga fuskar Kavena sai ta kashe wayar.

Kavena ta daɗe ba ta samun barcin kirki. Yanzu idan ana sharar kaburburan bayan gari takan rufe kaskonta ta bi sauran mata da tsintsiyarta. Masu fim sun sake dawowa, har aike suka yi mata. Ta ce a gaya musu gwiwarta na ciwo.