Dutsen Wuyan Inna

Inna tana da wani dutsen wuya da ta gada wurin kakarta. Launinsa tsakanin shuɗi da kore yake, da fararen jijiyoyi a ciki. Kakar ta ce fatake ne suka zo da shi daga hamadar da ke gaba da Agadas, inda ake tsintar irinsa a tsofaffin kufai. Inna ta yarda yana sanyaya zuciya. In ranta ya ɓaci, takan damƙe shi har ta huce.

Wata rana tana alwala zaren ya tsinke, dutsen ya faɗi kan siminti ya rabe biyu. Bai farfashe ba, wurin tsagar ya fito sumul yana ƙyalli. Ta ƙulle shi a bakin zane, ba ta ƙara zancensa ba, amma na ga tana ramewa.

Na karɓi dutsen na zaga maƙeran azurfa na Jibiya, kowa ya jujjuya shi ya maido mini. Ɗaya ya ce sai dai Buzayen Maraɗi. A lokacin motoci ba sa ƙetare iyaka, sai mutum ya sauka ya taka. Maigidana ya ce in bari a buɗe hanya. Na roƙe shi har ya bar ni.

Na taka da goyo a baya, rana tana dukanmu. A can ƙetare jandarma ya duba katina, ya sa na kwance ƙullin, ya dube ni.

"Wannan kaɗai ya fito da ke, Hajiya?"

"Shi kaɗai."

Maƙerin da aka nuna mini tsoho ne. Na gaishe shi na ce, "Baba, so nake a haɗe shi."

"Ɗiyata, wannan dutse ba ya son wuta, kuma inda ya tsage nan zai sake bi. Bari in yi miki zobe biyu."

"Ɗaya ta gada, ɗaya zan mayar mata."

Ya ce aikin zai ɗauki lokaci. Na ce ina da gwaggo a garin, zan zauna. Kullum da hantsi nakan je in zauna bakin rumfarsa, har ya daina ce mini in koma gida. Ya haɗa fuskokin biyu, ya ɗaure su da ɗamarar azurfa wadda ta rufe tsagar.

Da na miƙa wa Inna, ta auna shi a tafin hannu ta ce ya yi nauyi. Ta sa aka nemo tsirkiyar fata maimakon zare. Har ta rasu tana ƙorafin nauyinsa, kuma a wuyanta yake. Yanzu yana Daddara, wurin ƙanwata.